Dokin Ƙarfe Ma Yana Son Barga

 Yau a gida za mu tsaya. Ina so kowa ya dubi tsakar gidansa, ya leƙa zaure, ya zagaya bayan ɗaki, sannan ya amsa mini tambaya guda: a ina keken gidan nan yake kwana?

Abin da ya sa na yi tambayar, gidan Bahaushe gida ne mai tsari. Tun kaka da kakanni babu abin da muka mallaka da ba mu yanka masa mazauni ba. Hatsi yana da rumbu, kaji suna da akurki, akuya tana da turke, randa tana da gindinta a inuwa. Itacen girki ma, da hadari ya fara haɗowa ake jan sa ƙarƙashin rumfa. Wanda Allah ya ba doki kuwa, kafin dokin ya iso an riga an share barga. To ga dokin ƙarfe, mai kai yaro makaranta, mai kai maigida kasuwa, mai ɗaukar buhun taki zuwa gona, shi kaɗai aka bari ba makwanci. Inda aka sauka nan ake jingine shi. Yau jikin katanga, gobe gindin darbejiya, jibi ƙarƙashin indararo.

Da can ba haka muke ba. Dattawanmu suna tuna zamanin da in mutum ya sayi keken Raleigh, na garin Nottingham a Ingila, ko daga baya Phoenix na ƙasar Sin, unguwa ke zuwa yi masa murna. A naɗe jikin keken da leda mai launi, a yi wa sirdi riga, a goge shi kowace safiya, da dare kuma a turakar maigida yake kwana. Zuwan babur ne ya sauke keke daga wannan matsayi, ya koma abin hawan yara da wanda bai samu ba.

Sai ga shi zamani ya juyo. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin ranar, litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haye 500 a nan Arewa, a watan Yuli ta kai 617 a Abuja, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce naira 1,000. Duk wanda yake fita da sassafe ya ga abin da ya biyo baya: malamin makaranta, ma'aikacin ofis, ɗan kasuwa, kowa ya janyo tsohon kekensa daga lungu ya kai wa mai gyara. Wanda ba shi da tsoho ya tambayi kuɗin sabo ya ji abin da ya ji. Keke ya dawo dukiya. Saura mu koma riƙe shi riƙon dukiya.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidana. Wata damina tafiya ta kama ni ta kusan mako shida, ga yara suna hutu. Keken da ɗana yake zuwa makaranta da shi muka tura lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, muka lulluɓe shi ruf da baƙar leda har ƙasa, muka danne bakin ledar da duwatsu. A ganinmu mun yi masa gata. Ranar da na dawo muka yaye, sai wani ɗumi mai warin ƙasa ya bugo mu. Cikin ledar duk gumi ne, ɗigo-ɗigo. Sarƙa ta yi jawur, ta sandare kamar busasshen reshe. Wayar birki ta ƙi motsi. Sirdin ya yi fari da fumfuna.

Na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin layinmu. Na ce, "Baba, ga shi, a taimaka a duba mana." Ya murza feda da hannu, ya kasa kunne, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, da kun bar shi a fili da ya fi masa sauƙi. Wanda ruwa ya daka, rana za ta fito ta busar da shi. Wannan kuwa turara shi kuka yi." Sannan ya ce in matso in ga wani. Ya janyo keken wani bawan Allah da ya yi damina a ƙarƙashin indararo, ya zare sirdi, ya kifa keken, tayoyi sama. Ruwa mai launin shayi ya tsiyayo daga cikin bututun ƙarfen, ya jiƙa ƙasa. Ya ce, "Ka gani? Ta nan yake shiga, ya gangara ya kwanta a gindin feda, ya wanke giris, ya cinye boris. Mai keke yana kallon fenti yana cewa lafiya lau, alhali ta ciki ake cin sa." Abin da na biya ranar, na sarƙa da waya da boris da ladan aiki, ya fi abin da na kashe daga baya wajen yi wa keken rumfa.

Jama'a, kowane lokaci na shekara da irin ɓarnar da yake yi wa keken da ke kwana a waje. Tsatsa ba ta bukatar komai sai ƙarfe da danshi da iska, damina kuma ta tara mata su duka, musamman a watan Agusta da ƙasa ba ta bushewa. Ko daren da ba a yi ruwa ba, raɓa tana sauka. In bazara ta zo, zafi ya haye digiri 40, rana ta koma kan roba: gefen taya ya tsattsage, sirdi ya fashe, robar birki ta ƙandare ta daina kamu. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa mai laushi, ta bi man da ke jikin sarƙa ta manne, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, kowane juyi na feda yana cin haƙoran ƙarfe. Ga akuya da ba ta ganin sirdi ta ƙyale. Ga kuma mai tsallako katanga, wanda shi ba shi da damina ba shi da rani.

To mene ne magani? Wurin kwanan keke abu huɗu yake nema. A sama a sami abin da zai tare ruwa da rana. A ƙasa a sami wurin da ruwa ba ya kwanciya. A gefe a bar wa iska hanya. Sannan a sami turken da za a ɗaure shi. Duk wanda ya haɗa waɗannan huɗu ya gama, ko da kara da zana ya haɗa su.

Mu fara da wanda aljihunsa babu ko sisi. Ka jira ranar da ake ruwa, ka tsaya a bakin ƙofa ka kalli gidanka. Za ka ga akwai wurin da feshi ba ya kaiwa, wataƙila ƙarƙashin bakin rufin ɗaki, wataƙila wata kusurwar baranda. Nan ne wurin kekenka. Ka jera tsofaffin bulo ko guntun katako ya hau kai, don kada taya ta kwana cikin laka. In za ka rufa masa buhu ko tamfol, ka rufa daga sama, ka ɗaure da igiya don iska, amma ka bar kamar taƙi biyu tsakanin bakin rufin da ƙasa. Danshin da yake tasowa daga ƙasa yana son hanyar fita. In ka toshe masa, a jikin ƙarfe zai sauka, kamar yadda ya faru da mu.

Wanda kuma zai iya ɗan taɓa aljihu, ya yi rumfar jingine. Keken babban mutum tsawonsa kusan ƙafa 6 ne, faɗin kansa kamar ƙafa 2, tsayinsa bai cika ƙafa 4 ba. Kenan fili mai tsawon ƙafa 7 da faɗin ƙafa 3 a jikin katanga ya wadatar. Katanga ta riga ta ba ka bango guda kyauta. Saura dirka biyu a gaba, ta gora ko turare ko guntun azara, da sanda a gicciye, da rufi. Tsohon kwano falle biyu, in aka yanka kowanne gida biyu aka jera, ya rufe keke guda. Ana samun sa a wurin masu sayar da tsofaffin kayan gini, ko a gidan maƙwabcin da ya sake rufi. Hujin tsohuwar ƙusa a liƙe da kwalta. A karkatar da rufin yadda ruwa zai zuba gaba ya bi kwata, kada ya koma gindin katanga, musamman in ta ƙasa ce, kada a je gyaran keke a kayar da gini. Gindin dirka a shafe shi da baƙin mai kafin a binne, saboda gara. A ƙasa a zuba ɓaraguzan bulo ko tsakuwa a daɓe, ya ɗan fi tsakar gida tudu.

Akwai wani ilimi da maginanmu na gargajiya suka daɗe da sani. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane bango shan dukan ruwa. Iskar hunturu ita ma daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka in kana da zaɓi, ka jingina rumfarka a jikin katangar gabas ta cikin gida, katangar ta zame mata garkuwa. Gefen da ya rage a buɗe ka rataya zana ko asabari, ya tare ranar yamma, iska kuma ta ci gaba da ratsawa. Kada ka yi wasa da ɗaurin rufi. Iskar farkon damina tana yaye rufin makaranta sukutum, balle falle biyu da aka ɗora wa dutse. A kafa ƙusa, a ƙara da waya. Kwanon da iska ta ɗauka a cikin gida mai yara wuƙa ne.

'Yan uwanmu na karkara, ku kun fi kowa sauƙi. Kara da ciyawa da zana suna nan bayan girbi, kuma inuwarsu ta fi ta kwano sanyi. A shimfiɗa leda a tsakanin ciyawar rufi don ɗigo, a nisanta rumfar daga murhu. Abu ɗaya nake roƙo: kada a haɗa keke wuri guda da buhunan takin zamani, ko a jingine shi a garken dabbobi. Takin zamani yana jan danshi, yana cin ƙarfe, fitsarin dabba ma haka. A birni kuma a raba shi da wurin janareto da jarkar fetur da tsohon batirin mota.

Na san wani zai ce, "Malam, ni gidanmu a cikin gari yake, ko wurin shanya ba mu da shi." Gaskiya ne. A irin gidajen nan keke a zaure yake kwana, mai shiga ya yi tuntuɓe, feda ta kama zanen mai fita, in wani abu ya taso da dare hanya a cushe. Wanda ƙasa ta ƙare masa, ya dubi sama. Mai walda zai lanƙwasa maka guntun rodi ya zama ƙugiya, ka naɗe ta da tsohuwar robar taya don kada ta goge ƙarfe, a kafa ta a bangon siminti, ka rataye keken ta tayar gaba. Filin da zai ci bai kai na da ba. Sai dai tsofaffin kekunan nan masu kariya suna da nauyi, bangon ƙasa ba zai riƙe ƙugiyarsu ba. A nan sai a kafa dirka mai ƙarfi a rataya a jikinta, kuma a tabbata yaro ba zai iya janyo shi ya faɗo masa ba.

Yanzu mu zo kan ɓarawo, don rumfa ba ta hana shi. Makullin nan da yake zuwa a jikin keke, mai kama tayar baya, hana hawa kawai yake yi. Mai niyya zai saɓa keken a kafaɗa ya miƙa wa abokinsa ta kan katanga. Abin da yake ba shi wahala shi ne turke. A sami rodi mai kauri a lanƙwasa shi kamar baka, a haƙa rami, a binne ƙafafunsa da kwaɓin siminti da tsakuwa. Kwano biyu ko uku na siminti sun isa. A sa sarƙa mai kauri ta ratsa jikin keken da tayar baya ta zagayo turken. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, da safe taya zai tarar. Kada a bar kwaɗo yana kwance a ƙasa, don a nan ake samun wurin dukan sa da guduma. Kuma a zaɓi wurin da mai wucewa ba ya hangowa in an buɗe ƙofa, wurin da in sarƙa ta yi ƙara mai barci zai ji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ƙarin abu guda da ba ya cin ko kwabo: yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfe, galibi a ƙasan gindin feda ko kusa da sirdi. Kifa kekenka yau ka rubuta lambar, ka ɗauki hotonsa da waya, ka adana rasit. Ranar da aka gan shi a kasuwa an sake masa fenti, wannan lamba ce shaidarka a gaban mai unguwa ko 'yan sanda. Malamanmu sun sha karanta mana cewa ɗaure raƙumi ba ya kore dogaro ga Allah, tare suke tafiya.

In kuma keken zai daɗe ba a hau ba, a wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga wa sarƙa mai marar kauri irin na keken ɗinki, a goge wanda ya yi yawa da tsumma. Baƙin mai da muke laftawa shi ne yake kiran ƙura. A ba tayoyi iska, a riƙa dubawa, don tayar da ta kwana a sace wata da watanni ta gefe take tsagewa.

Mazauna gidan haya, ku taku ta fi son shawara. Kada ka fasa bangon mutum ba da izininsa ba. Ka je ka same shi, ka ce, "Alhaji, muna neman alfarmar wannan kusurwa." In ku biyar ne masu keke, ku yi karo-karo ku yi rumfa guda mai tsawo, da bututun ƙarfe guda a gicciye, kowa da sarƙarsa da kwaɗonsa. Wannan dabara har a manyan biranen duniya ita ake yi. A Landan, inda mutane da yawa suke zaune a benaye ba tsakar gida, hukumomin unguwanni suna kafa wata rumfar ƙarfe mai makulli a bakin titi, tana cin keke shida a rabin filin da mota guda take tsayawa, maƙwabta suna biyan haya ta shekara. A ƙasar Holan, dokar gini ta 2012 ta wajabta wa mai gina sabon gida ya tanadi ɗakin ajiya mai makulli inda keke zai shiga. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht kuwa, a 2019 aka kammala ma'ajiyar da take ɗaukar keke 12,500. Mutanen nan suna da motoci, suna da jiragen ƙasa, amma sun gane cewa mutum ba ya sakin jiki ya dogara da keke sai ya san inda zai ajiye shi ya dawo ya tarar. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara ta zama ranar keke ta duniya.

Mu ba mu ce a gina mana irin ta Utrecht ba. Kirana ga masu gina gidajen haya shi ne, yadda kuke ware wurin banɗaki da madafa, ku ware ƙafa bakwai na keke, ku binne rodi tun ana zuba daɓe. Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, ku dubi kekunan ɗalibanku da suke gasuwa a rana tun safe har azahar, ku kafa musu rumfa ko ta zana ce. Kwamitocin masallatai, turken ƙarfe guda a harabar masallaci zai sa mutum ya yi sallarsa hankali kwance. Matasanmu masu walda da kafintoci, ga sana'a a gabanku: ƙugiya, turke, rumfar da ake kwancewa a tafi da ita in an tashi daga haya. Wanda ya fara yi da kyau da sauƙin kuɗi, unguwa za ta san ƙofarsa.

Iyaye kuma, ku sa yaro a cikin aikin. Shi zai riƙe dirka, shi zai miƙo ƙusa, shi za a damƙa wa makulli. Yaron da ya saba ba ya shiga ɗaki sai ya kai kekensa makwanci ya ɗaure, ya koyi tattali, kuma darasin zai bi shi har ranar da zai riƙe abin da ya fi keke.

Jama'a, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Keken nan shi ne zai kai ka inda za ka nemo na cefane gobe da safe. Kafin hadari na gaba ya haɗo, ka sama masa rufi, ka ɗaga shi daga laka, ka bar masa iska, ka kafa masa turke. Aikin yini guda ne, amfaninsa kuwa na shekaru.